Launin da Al'umma Ta Zaɓa

Allah ya yi wa layinmu baiwa, ya ba mu mutum. Wasu layukan kwalta aka zuba musu, wasu famfo aka ja musu, mu kuwa Garkuwan Talakawa muka samu, kuma duk wanda ya ce an cuce mu a rabon nan hassada ce ke cin sa. Ga tsawo, ga tumbi, ga murya wadda in ya gyara ta a bakin shagonsa sai kajin bayan layi su watse. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya hutar da talaka wahalar nemo wanda ya dace da shi. Kafin nan Mai Fenti muke ce masa, shekara ashirin da ɗoriya, kuma yana amsawa lafiya lau.

Ba ya barci saboda mu. Da bakinsa ya faɗa a rediyo, duniya ta ji. Maiɗakinsa dai ta ce minsharinsa har kwanukan kicin yake girgizawa, amma me ta sani game da damuwar manya? Wataƙila ta hanci tausayin al'umma ke fita.

Ni da teburina na sabulu da ashana muna daura da shagonsa, don haka zan iya faɗa muku ranar da tausayin nan ya sauka, har da sa'ar. Wata Talata ce da hantsi, a manyan motoci uku ya zo.

Gwanjon fenti aka yi a wata tashar jiragen ruwa mai nisa. Wani ya buga masa waya ya ce arha kamar tsintuwa, in bai yi sauri ba wani zai kwashe. Mutumin da ya shekara ashirin yana yi wa masu saye wa'azin su buɗe gwangwani kafin su biya, bai tambayi launi ba. Tambaya ai ta ƙananan 'yan kasuwa ce. Shi hancinsa ke jiyo ƙanshin riba tun daga bakin teku. Ya kwashe jarinsa kaf ya zuba. Da bai isa ba, ya lallaɓi maiɗakinsa ta sayar da filin da ta gada wurin mahaifinta, ya ce kafin wata ya mutu zai saya mata biyu, ɗaya na kallon ɗaya.

Aka sauke kaya, sito ya cika har rufi. Garkuwa ya sa aka kawo gwangwani ɗaya bakin titi don 'yan layi su shaida, ya ɓalle murfin da hannunsa mai albarka.

Muka matso muka duba.

Ba kore ba ne. Ba rawaya ba ne. Duk macen da ta taɓa rainon yaro mai mura ta san launin nan, ta sha share shi da bakin zane. Wani ɗan dako ya leƙa, ya juya ya tofar da yawu. Garkuwa ya daɗe yana kallon cikin gwangwanin, gumi na bin wuyansa, sannan ya ɗago da murmushi irin na wanda ya san abin da jahilai ba su sani ba.

"Wannan shi ake yayi yanzu a ƙasashen da suka ci gaba," in ji shi. "Sunansa ruwan alfijir."

Mu dai a layi ruwan majina muke cewa, amma ƙasa-ƙasa, saboda girmamawa.

A wata shida gwangwani ɗaya ya sayar. Wani mai kiwon kaji ne ya saya ya shafa wa akurki, bayan kwana huɗu ya dawo yana rantsuwa kajin sun daina ƙwai. Shi kuwa fenti ba ƙarfe ba ne, yana da ajali. Sama ya fara yin fata, ƙasa ya fara daskarewa. Kullum da safe Garkuwa zai shiga sito ya ɗauki gwangwani ya girgiza a kunnensa kamar mai sayen kwakwa, kullum kuma motsin da ke ciki sai raguwa yake. Masu shafe suka ce in zafin bana ya wuce kayan nan suna ajiye, to sai dai a yi harsashin gini da su.

A daidai nan ne Allah ya buɗe masa ido ya ga halin da talaka ke ciki.

Ya fito wata safiya ya tsaya tsakiyar titi, hannu a ƙugu, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya yi ta girgiza kai har sai da mutane suka taru.

"Jama'a, ku dubi garin nan! Wannan shago ja, wancan fari, na kusa da shi ko fentin ma babu. Ta ina al'umma za ta haɗa kai alhali bangayenta ba su haɗa kai ba? Baƙo ya shigo ya ga kowane bango da ra'ayinsa, yaya zai zuba jari?"

Mai wanki ya ce shi a ganinsa kwatar da ta toshe shekara uku ta fi damun mutane. Wata mai goyo ta ce asibitin unguwa ko maganin ciwon kai babu. Garkuwa ya saurare su da haƙuri irin na malami a gaban daƙiƙan ɗalibai.

"Duk rassa kuke kamawa, ni saiwa nake tonowa. Shi kansa sauro, rikicewar launi ke jawo shi. Bincike ya tabbatar."

Ba wanda ya tambayi wane bincike. Mutum mai tumbi haka ai ba ya rasa bincike.

Daga nan ya nufi wurin shugaban hukumar gari, wanda muke kira Mai Kujera, don tun da ya hau ta ba a ganin sa a tsaye sai zaɓe ya matso. Zaɓen kuwa saura wata huɗu. Matar da ke share ofishin ƙawata ce, ita ta ba ni labari tiryan-tiryan. Kwana uku Garkuwa na ɗumama bencin jira, tsakanin masu neman aikin gadi da masu roƙon a mayar musu da rumfunansu, yana gaya wa kowa shi ba jira yake ba, nazarin yadda talaka ke jira yake yi. A rana ta huɗu aka shigar da shi.

Ofis ne mai sanyi kamar cikin firji. Labule shuɗi, kafet shuɗi, hular Mai Kujera shuɗiya, har alƙalamin da ke hannunsa, don shuɗi ne launin jam'iyyarsa, shi kuwa mutum ne mai biyayya. Ɗan tsamurmuri ne, ba ya ɗaga murya, idonsa kullum rabi a rufe kamar mage a kan buhu. Garkuwa ya zayyana masa shirin ceto gari: doka ɗaya, launi ɗaya, kowane shago da kowane bangon da ke kallon titi. Ya kuma ajiye wata 'yar jaka a gefen tebur, wadda ya yi niyyar mantawa da ita in zai fita.

Mai Kujera ya ce, "Garkuwa, shawara ta yi. Amma hukuma ba ta tashi haka kawai ta yi doka. In na ce kowa ya yi fenti, gobe a ce zalunci. In kuwa al'umma ce ta taso ta cika mini ƙofa tana roƙo, ga 'yan jarida na kallo, yaya zan yi? Ai dole in ji tausayinta. Ka kawo mini al'umma."

"An gama, ranka ya daɗe. Sai batun launi..."

"A'a. Kada ka rubuta launi a takarda. Kowa ya san abin da ke sitonka, sai a ce don kanka kake yi. Bar al'umma ta nuna da kanta."

Garkuwa ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya raɗa wa masu jira cewa ya sa mutumin a aljihu. Kafin ya iso layi shawarar ɓoye launin ta zama tasa. Ya ce mako guda ya yi yana saƙa ta.

A falonsa aka haifi Ƙungiyar Ceto Bangayen Al'umma, kan kujerun da har yau ba a cire musu ledar kanti ba, ƙarƙashin hotonsa yana gaisawa da wani babban mutum wanda hannunsa kaɗai ya fito. Aka yi zaɓe na gaskiya da gaskiya. Garkuwa ya zama shugaba, ya zama uban ƙungiya, ya zama ma'aji, kuma duk sau ukun sai da ya ce shi bai so ba, matsa masa aka yi.

Ban taɓa sanin garinmu na da masu kishi haka ba. Masu sayar da buroshi suka shigo a ranar farko, ido jawur don takaicin halin da bangaye ke ciki. Masu ba da hayar tsani suka biyo baya. Masu shafe suka zo da tutarsu. Har mai kananzir na bakin kasuwa ya ce shi ma zuciyarsa ta karaya, da ya tuna da me ake wanke hannu bayan an gama fenti.

An so a samu cikas. Wani mai sayar da tayil ya kafa Ƙungiyar Kare 'Yancin Bango, ya yi rantsuwa cewa bango amana ne, ba mai tilasta masa launi sai bayan ransa. Garkuwa ya kai masa ziyara. Aka ƙara layi ɗaya a takardar koke, cewa daga ƙasa zuwa gwiwa tayil za a manna. Washegari 'yancin bango ya rasu, aka binne shi ba hayaniya, mai tayil ya zama mataimakin shugaba.

Mu masu shaguna da tebura, da za mu sayi fentin, ba a gayyace mu ba. Garkuwa ya ce ba sai mun wahala ba, ai shi ne mu.

Kowace Asabar yana rediyo, awa guda da ya saya da kansa, mai gabatarwa na kiran sa baƙo na musamman.

"Ni da kuke ji, ina ruwana da fenti? Ƙaddara ce kawai ta sa nake sayar da shi. Wallahi ko gishiri nake sayarwa, haka zan tsaya wa bangayen nan har ƙarshen numfashina!"

Wani ya bugo waya ya tambayi wane launi ƙungiya ke so, layi ya katse. Wata ta bugo ta ce kwatar nan fa, layi ya katse. Ƙanen Garkuwa ya bugo daga bakin ƙofar gidan rediyon ya ce Allah ya ƙaro mana irinsa, layi ya yi minti ashirin ko tari bai yi ba.

A gida kaɗai gwagwarmaya ba ta karɓu ba. Ta katanga maƙwabta ke jiyo su.

"Baban yara, ni fa filina nake tambaya."

"Ke matsalarki ba ki san gwagwarmaya ba."

"Na san ta mana. Ba ita ce a sito tana bushewa ba?"

"Tarihi zai tuna da ni!"

"To ka ce wa tarihi in zai zo ya biyo da cefane."

Saura al'umma. Ita kuwa al'umma, duk mai harka da hukuma ya san inda ake samun ta: wurin Uwar Gayya, a benci na uku bayan tashar mota. Mace ce gajera mai faɗi, da usur a wuya da agogon maza a hannu. Mutum ɗari uku take da su, maza da mata, kuma ba ta taɓa saɓa alkawari ba. In gangamin goyon baya kake so ta kawo, in na Allah-wadai ne ta kawo, sau da yawa mutanen ɗaya ne, ranar ma ɗaya. Aikinta a tsare yake. In suna da taro biyu ko uku a yini, tun da safe kowa zai jera rigunan a jikinsa kamar albasa, ta taron farko a sama, ta na gaba a ƙarƙashinta. Lokaci na cika ta busa usur, a tuɓe ta sama, a shirya wa na gaba. Ba a komawa gida canza kaya, ba a ɓata wa mai haya lokaci.

"Yallaɓai, goma zuwa biyu nake da sarari ran Alhamis," ta ce masa. "Biyu na bugawa, mutanena ba naka ba ne. In kana son ƙarin awa, faɗi yanzu a yi ciniki."

Garkuwa ya yi dariya har tumbi na rawa. "Baiwar Allah, in mutanen nan suka ji jawabina, ko ƙaho kika busa ba inda za su."

"Na ji haka daga bakin waɗanda suka fi ka tumbi. Rigunan fa? A kai a buga maka?"

Nan hikima ta motsa. Me zai sa ya biya mai buga riga alhali yana da launin kansa, mota uku? Ya sayo fararen riguna na gwanjo, ya sa aka tsoma su ɗaya-ɗaya cikin ruwan alfijir, aka shanya a kan katangarsa. Al'umma za ta zo sanye da zaɓinta, ba sai an rubuta komai ba.

Uwar Gayya ta taɓa ɗaya da yatsa, ta ji ta ƙandare kamar busasshiyar fata. "Yallaɓai, fentin bango a jikin mutum?"

"Ni a wurina al'umma da bango duk ɗaya ne," in ji Garkuwa, kuma ya ji daɗin maganar har ya sa aka rubuta ta a kwali.

Wa ke da mutanen bayan ƙarfe biyu? Bai tambaya ba. Na gaya muku, shi ba ya tambaya.

Ran Alhamis na rufe teburina na bi su, don irin wannan kallo ban yarda a ba ni labari ba. Rana ta fito da niyya. Mutum ɗari uku suka taso daga tasha, hannuwa a bubbuɗe kamar masu maruru a hammata, don rigar ba ta lanƙwasuwa. In suka yi taku sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana tafiya a kan rufin kwano. Kafin a yi rabin hanya zafi ya fara narkar da fentin, wari ya tashi, ƙudaje suka zo goyon baya suka manne. Kowa na susa da sandar kwalinsa. Ta wuyan wata mata na hango bakin wata riga a ƙasa, shuɗiya. Na tambaye ta, ta ce ai ta gangamin jam'iyyar Mai Kujera ce, ƙarfe uku a filin bayan ofis.

Shi Garkuwa fararen kaya ya sa, sun sha sitati. Ya ce likita ya hana fatarsa kusantar fenti. A bayan akori-kura yake tsaye da lasifika, yana ɗaga wa mutanen da ke gudun warin hannu.

Sha ɗaya muka isa ƙofar hukuma. Aka ce Mai Kujera na ganawa. 'Yan jarida suka kafa na'urorinsu a inuwa. Wani ne zai damu, ban da Garkuwa. Jinkiri a wurinsa ƙarin fili ne. Ya ɗauki lasifika ya faro daga haihuwarsa. Sha biyu ta yi yana firamare, inda malamai suka hango shugabanci a goshinsa. Ɗaya ta yi bai yi aure ba. Wata dattijuwa ta zube don zafi da wari, ya nuna ta ya ce ku dubi yadda gaskiya ke ratsa talaka.

Uwar Gayya na gindin akori-kura, ido a kan agogo.

Biyu saura kwata Mai Kujera ya fito barandar bene, akawunsa na biye da fayil. Ƙawata ta ce ba wata ganawa da ya yi, tun sha ɗaya yana zaune yana yanke farce yana duban agogon bango. Garkuwa ya juya wa jama'a baya, ya fuskanci bene, ya gyara tsayuwa yadda masu hoto za su same shi ta gefen da ya fi kyau, ya buɗe takardar koke. Shafi tara ce. Bakwai na farko godiya ce ga wanda ya rubuta ta.

Yana shafi na takwas usur ya tashi, fiiit!

Ban taɓa ganin mutane sun rabu da tufa da murna haka ba. Wasu ta ka suka cire, wasu suka yage ta gaba, wasu sai da aka taya su ɓamɓarowa. Iska ta taɓa jiki, mutum ɗari uku suka sauke ajiyar zuciya a tare, wasu har da hamdala da ƙarfi. Garkuwa ya ji usur, ya ji sowa a bayansa, tsikar jikinsa ta tashi. Ya jefar da takarda, ya ce yau ranar magana daga zuciya ce.

"Ranka ya daɗe! Maƙiya na cewa don kaina nake yi. To ga takarda nan, a duba, ban rubuta launi ba! Ni ba ni da launi! Launina shi ne launin talaka!" Ya miƙa hannu baya, bai waiwaya ba, don mai hoto na kansa. "Dubi jikin al'umma! Abin da ka gani a jikinsu, shi muke so a kowane bango, ba ragi ba ƙari!"

Mai Kujera ya buɗe idonsa duka biyu, karo na farko a bana. Ya dubi filin tun daga ƙofa har titi.

"Garkuwa, ka tabbata? Wanda ke jikinsu yanzu?"

"Yanzu-yanzun nan! In na canza magana, kada a ƙara kira na Garkuwan Talakawa!"

"'Yan jarida, kun dai ji. Ni bawan al'umma ne."

Ya miƙa hannu, akawu ya buɗe fayil, ya rattaba wa dokar hannu nan take a kan ƙarfen baranda. Akawun nan Allah ya yi masa basira: takardar a buge take tun jiya, har da sunan launin a ciki.

Sannan Garkuwa ya juyo don ya karɓi tafi.

Shuɗi. Daga gindin motarsa har bakin titi shuɗi, kamar an kifar da sama a ƙasa. Ruwan alfijir kuwa ga shi can tule a gefen kwata, ƙudaje na zaman ta'aziyya. Bakinsa ya buɗe, lasifika na kunne, duk filin ya ji abin da ya fito: wani ɗan sauti kamar an taka ɗan tsako.

Ya duro daga mota ya tare Uwar Gayya. "Ke! Me kika yi mini?"

Ta juyo masa da fuskar agogo. "Yallaɓai, biyu ta wuce da minti shida. Shidan da ka yi kana nuna su, kyauta na bar maka." Ta ƙara busa usur, al'umma ta juya ta nufi filin baya tana yi wa Mai Kujera waƙa.

Washegari muka ji sauran. Ashe ƙanin matar Mai Kujera, wanda har makon jiya tayar mota yake sayarwa, shi ma tausayin bangaye ya kama shi. Manyan motoci biyar suka sauke masa tun ran Litinin. Doka ta ce ba kowane shuɗi ba, sai mai hatimin hukuma a murfi, hatimin kuwa a shagonsa kaɗai yake kwana. Kafin zaɓe gari kaf zai sa rigar jam'iyya, kuma mu za mu biya ɗinkin. Masu buroshi da masu tsani ko gezau, tunda buroshi bai damu da abin da aka tsoma shi a ciki ba; suka naɗe tutarsu suka koma ƙofar mai taya. Mai tayil ya ce shi tun asali shuɗi ne a ransa.

Garkuwa ya koma ofis a fusace, ya ce yau sai an yi ta ta ƙare. Wannan karon ba a sa shi jira ba. Ya shiga da maganar da za ta tona kowa: jakar da ya manta, shawarar da aka ba shi, motoci biyar na ran Litinin. Sai dai in ya tona, dole ya faɗi abin da ke sitonsa da dalilin tausayinsa, ya koma Mai Fenti kamar da. Mai Kujera ya bar shi ya gama huci, sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da wata lamba mai ƙyalli ya rataya masa a wuya: Shugaban Kwamitin Tabbatar da Dokar Launi. Ba albashi, ba mota. Amma akwai kujera a sahun gaba a duk taron hukuma, kuma za a riƙa ambaton sa kafin akawu.

Ƙawata ta ce ta ga hannunsa ya tashi kamar zai fizge lambar. Sai ya gyara mata zama a kan tumbi.

Don a karrama shi, a bangon sitonsa aka buɗe aikin. Shi ya sayo gwangwanin da kansa wurin mai taya, farashin hukuma, ba ragi ko na sanayya. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, Uwar Gayya ta kawo mutum hamsin na tafi. Maiɗakinsa ta tsaya can gefe da hannu a haɓa. Akawu ya karanta sashen ƙarshe na dokar, wanda ba wanda ya ji shi ran Alhamis: duk siton da aka samu da fentin da ba na doka ba, kwamiti zai garƙame shi. Ya miƙa wa shugaban kwamiti kwaɗo da jerin masu laifi. Mutum ɗaya ne a jerin.

Garkuwa ya karɓa. Ya garƙame ƙofar sitonsa da hannunsa, aka tafa. Ya tsoma buroshi ya ja layin farko a bango, aka tafa. Aka miƙa masa lasifika.

"Jama'a... tun ina yaro... shuɗi nake mafarki."

Murya ta karye. Hawaye suka ɓalle shar-shar, suka bi kumatu suka sauka kan lambar, kafaɗu na rawa, har da shessheƙa. Mai rediyo ya matso ya gaya wa masu sauraro cewa yau ya ga kishin ƙasa da idonsa.

Uwar Gayya ta daɗe tana kallon sa, kai a karkace, kamar mai shirin taya akuya a kasuwa. Da taro ya watse ya zo ya zube a kan bencina ba ko sallama, yana share fuska da hannun riga. Ta biyo shi.

"Yallaɓai, ashe baiwa gare ka ka ɓoye. Shekara goma sha biyar ina sana'ar nan ban samu mai kuka irinka ba. Gobe goma zuwa sha biyu muna da zanga-zangar ƙin dokar fenti. 'Yan adawa ne suka yi haya, da wani mai jan fenti a bayansu. In za ka tsaya a gaba ka yi musu irin na yau, taka sallamar daban ce."

Garkuwa ya miƙe tsaye. Ya ja numfashi, tumbi ya taso, lamba ta yi walƙiya. Na ce a raina yau Uwar Gayya za ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sunkuyo ya rage murya.

"Sun riga sun naɗa shugaba?"